Musayar Baituka: Yarinya, Liman da Gawo

Ɗiyar Ƙofar Sauri:
Sallama gare ku, ma'abota karatu,
Na samu littafi, ya hana ni runtsawa.
Labarin yarinya ce 'yar sha biyar,
Rijiyar garinsu ta fara ƙafewa.
Damina na jinkiri, gero na yaushi,
Rairayi ya binne gona har gindin ɗorawa.
Ta iske Liman a zaure da tambaya:
Ƙaddara ce, ko mu muke jawowa?

Baffa na Daura:
Ɗiyata, na karanta, na kuma ji daɗi,
Wuri ɗaya ne ya sa ni dakatawa.
Yarinya ta tsare malami da gardama?
A gidan da na tashi, sai tsawatarwa.
Na ga farin 1973 da idona,
Shanu na zubewa, jama'a na watsewa.
Filin idi muka nufa, riguna a juye,
Muna roƙon ruwa, hawaye na zubowa.

Ɗiyar Ƙofar Sauri:
Baffa, a gafarce ni, ba gardama ba ce,
Ta durƙusa ne tana neman ganewa.
Liman ya kawo hadisi: ko Alƙiyama za ta tsaya,
Da dashen dabino a hannunka, ka yi dasawa.
Bayan asuba ga shi da galma a kafaɗa,
Almajirai na ɗebo ruwa, shi yana haƙawa.

Ɗan Jibiya:
Yaya, mu ba fari ba, ruwa ne ya ci mu,
2018, dare ɗaya, gidajenmu na rushewa.
Da na kai babin da ambaliya ta tafi da alluna,
Na rufe littafin, na kasa ƙarasawa.
Hayaƙin masana'antu ya ɗumama duniya,
Mu da gatari a dajin Rugu muna ƙarawa.

Malama daga Dutsin-ma:
Ni gawon da yarinyar ta zaɓa ne ya burge ni,
Da damina yake ganyensa zubarwa,
Ya bar wa gero rana, ya ba shi taki.
'Yan ajina zan tara don karantawa.

Baffa na Daura:
Hadisin na nan, Imamu Ahmad ya ruwaito.
Uban yarinyar ne nake tausayawa:
Mai faskare ne, an karɓe masa gatari,
Ba a nuna mana abin da zai ci ba, ko kwabon kashewa.
Malama, ki tambayi 'yan ajinki wannan,
Ki kawo amsarsu nan, a baiti, mu ji daga kowa.