Tarin hunturu: sai da antibayotik yake tafiya?

Yaya Babba: Salamu alaikum 'yan gida. Yau kwana 4 yaron nan yana mura da tari, majinar har ta koma kore. Jiya na kai shi asibitin unguwa, likita ya saurari ƙirjinsa, ya leƙa maƙogwaro da kunne, aka yi gwajin maleriya babu. Ƙarshe farasitamol kawai ya rubuta, ya ce a yawaita ba shi ruwa, in ya fara haki a dawo da shi. Wallahi na dawo gida raina ba daɗi.

Kawu: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. 'Yar nan, kada ki zauna. Tari in ya sauka ƙirji, majina ta yi kauri ta sauya launi, ba ya tafiya sai da antibayotik. Ki aika kemis a kawo Ampiclox na ruwa ki fara ba shi yau. Likitan da ya sallami yaro mai shekara 3 haka, ni ban yarda da aikinsa ba.

Gwaggo: Ayya maigidana, Allah ya sawwaƙe. Ni ma na fi son a ba shi wani abu mai ƙarfi. Hazon bana ba sauƙi.

Anti Nas: Kawu, Allah ya ƙara girma, ka yi mini haƙuri, a nan ban goyi bayanka ba. Likitan nan ya yi daidai. Mura da tarin da ke biyo ta, akasarinsu ƙwayar bairos ce ke kawo su, antibayotik kuwa bakteriya kaɗai yake kashewa. Koren majina ma ba shaida ba ce, launin daga ƙwayoyin garkuwar jiki yake, waɗanda suka taru suna yaƙi a hanci. Tarin mura yakan kai mako 2 har 3 kafin ya ɗauke gaba ɗaya. Abin da ke faruwa shi ne, ana fara kwalbar a kwana na 4, jiki ya ci gaba da aikinsa, a kwana na 7 yaro ya samu sauƙi, sai a ce magani ne. Wanda ba a ba shi ba ma ranar yake samun sauƙi, kuma shi bai yi gudawa ko ƙuraje ba.

Auta: Ƙari a kan maganar Anti, Ampiclox ɗin ma, wato haɗin ampicillin da cloxacillin, yana cikin haɗe-haɗen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta ba da shawarar a yi amfani da su ba. Tun 2017 ta kasa magungunan antibayotik gida 3: na farawa, na taka-tsantsan, da na ajiya sai an rasa mafita. Amoxicillin yana gidan farko. Cipro, azithromycin da allurar ceftriaxone suna gida na biyu, amma ku je kemis ku ga yadda ake miƙa su saboda atishawa. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a 2019 saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ya fi ko'ina.

Kawu: Auta, na ji karatunki, Allah ya yi albarka. Amma ku ba ku san abin da ya sa nake magana ba, lokacin ba a haife ku ba. Ɗana na fari watansa 8 a irin wannan hunturun. Kowa ya ce mura ce, a shafa man zafi a lulluɓe shi. Dare na 3 na ɗaga rigarsa, na ga ƙasan haƙarƙarinsa yana faɗawa ciki duk jan numfashi, nono ma ya kasa kamawa. Kafin mu samu mota mu isa babban asibiti asuba ta yi. Bai kai azahar ba. Tun daga ranar, kalmar "mura ce kawai" ba na son jin ta.

Gwaggo: Allah ya sa mai ceto ne. Ina tuna ranar kamar yau.

Anti Nas: Allah ya jiƙansa, Kawu. Ban taɓa jin labarin daga bakinka ba. Abin da ka kwatanta namoniya ce, wato ciwon huhu, kuma ita kam tana buƙatar antibayotik ba tare da jinkiri ba. A 2019 kaɗai ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da dubu 740 a duniya. Maganinta na farko amoxicillin ne, mai narkewa a ruwa, safe da yamma, gwargwadon nauyin yaro. Amma ka lura, alamar da ka gani da idonka ita ce ta raba namoniya da mura, ba launin majina ba. Mu a wurin aiki agogo muke kallo, mu ƙirga numfashi minti 1 cif yaro yana kwance a natse. Ɗan ƙasa da wata 2, in ya kai 60 ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa 11, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. In kuma haƙarƙari na faɗawa, ko ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko jijjiga, ko barcin da ba a iya tashinsa, wannan asibiti ne nan take ko da tsakar dare. Kwalbar da aka ba yaro yau ba ta tare namoniyar jibi. Sau nawa ake kawo mana yaro a galabaice, uwa ta ce ai yana kan magani shi ya sa muka jira.

Baffa na Dogondutsi: Ina biye da ku. To amma 'yata, ga tambaya. A nan yankin Doso an yi shekaru ana bin gida-gida ana ɗiga wa yara azithromycin sau 2 a shekara, masu lafiya ma, kuma an ce mutuwar yara ta ragu. In yana cutarwa, don me likitoci suka raba shi?

Auta: Gaskiya ne Baffa, an buga sakamakon a 2018, a Nijar mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100. Amma masu binciken da kansu sun gano ƙwayoyin da ba sa jin irin wannan maganin sun ƙaru a jikin yaran. Shi ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙi yarda a yi wa kowa, ta taƙaita shi ga jarirai 'yan wata 1 zuwa 11 a wuraren da mutuwar yara ta yi yawa ƙwarai, kuma a riƙa sa ido. Lissafi ne aka yi tsakanin riba da asara, ba izini ba ne kowa ya saya don tari.

Baffa na Dogondutsi: To, na fahimta, ko da yake a ƙauyen da likita yake nisan kilomita 30, uba ba shi da abin kamawa sai mai kemis.

Gwaggo: Ni tsorona mashaƙo. Kun manta yadda ya yi mana ɓarna a Kano a 2023? Shi ma da ciwon wuya yake farawa.

Anti Nas: Shi ya sa likitan ya leƙa maƙogwaro, Gwaggo. Mashaƙo yana shimfiɗa wata fata mai ruwan toka a ciki, wuya ya kumbura, kuma kemis ba ta da maganinsa, sai an haɗa da allurar karya dafi a asibiti. Yaya, ya gama rigakafin penta 3 ɗin nan mai kariya daga mashaƙo? Ki ba shi zuma cokali ɗaya kafin barci tunda ya wuce shekara, jariri ne ba a ba wa. In tarin ya haura mako 2, a koma a duba tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne. Yanzu dai ki ɗaga rigarsa ki ƙirga mana.

Yaya Babba: Ya gama, katin yana nan. Na ƙirga sau 2 yana barci, 31 da 33. Haƙarƙarin ba ya faɗawa. Ɗazu ma ya shanye kofin kunu.

Kawu: Alhamdulillahi. Ni dai har yanzu hankalina bai gama kwanciya ba, ba zan ɓoye muku ba. Amma a bar kwalbar. 'Yar nan, ki sake ƙirgawa bayan isha'i da kuma asuba, ki turo mini adadin. In ya kai 40, ki kira ni ko ƙarfe nawa ne, motar tana ƙofar gida.