Launin ƙwayar rini yana sauyawa, ko na'ura ce ke ruɗin mutane?

Mai Lesa: Na gaji da masu cewa duk tsallen da bakan hasken (jerin launukan da take fitarwa) ƙwayar rini guda, wato molekiyul ɗaya, ke yi a kan gilashi datti ne. Tun 1997 masu bincike Lu da Xie suka nuna ƙwayar rinin sulforhodamine 101 tana sauya launi da kanta a zafin ɗaki ta hanya biyu: mai sauri cikin ɗaruruwan milisakan, da mai jinkiri cikin gomman sakan, ban da sauyin da hasken lesa ke jawowa. A riƙa karatu mana!

Malamar Kemistiri: Malam, wa ya ce maka guda ce? In yawan rini irin rhodamine 6G a cikin ruwan ya wuce pikomola 100 wajen shimfiɗawa a gilashi, ƙwayoyi biyu na iya zama a ɗigon haske ɗaya. Ɗaya ta daina haske, sai ka ce launi ya yi tsalle.

Ɗan Fizik: Hajiya, guda ai a ɗaukewa ake gane ta. Haske ya ɗauke lokaci ɗaya, guda ce. Ya sauka mataki biyu, a jefar da ɗigon.

Malamar Kemistiri: Ƙiftawa ma ɗaukewa ce. Ƙwaya takan yi duhu ta dawo, musamman in an kori oksijin ta hanyar hura naitirojin. Gilashin da ba a wanke da ruwan firanha ba, wato haɗin kashi 3 na asid sulfurik da 1 na hydrogen peroxide, shi kansa yana walƙiya ƙarƙashin lesa mai nanomita 532.

Ɗan Fizik: Ku 'yan kemistiri komai wanki. Ku ƙirga ƙwayoyin haske: in 100 kawai aka kama, tsakiyar bakan na rawa da kusan nanomita 2 ko ba abin da ya motsa. Moerner ma da ya fara ganin ƙwaya guda a 1989 ɗan fizik ne.

Wani Dokta: Shan haske ya auna. Ganin ƙwaya guda ta walƙiyarta kuwa aikin Orrit da Bernard ne, 1990.

Malamar Kemistiri: Kuma Nobel ɗin 2014 da aka ba Moerner, ba na kemistiri ba ne?

Mai Lesa: Jama'a, maganar sauyin launi fa?

Shugaban Zaure: An rufe. Abin da aka tsayar: a wanke gilashi, a rage rini, kamar yadda Hajiya ta faɗa. Ɗan Fizik kuma ya kai lissafinsa zaurensu.