Zuwa Lagdo da zafin nan, akwai abin kallo kuwa?

Maman Biyu:
Salam jama'a. Mu muna Garwa ne, baban yara yace karshen wata zamu kai su Lagdo su ga baraj, wato madatsar ruwan da ke bamu wuta, to makwabciyata tace kar mu bata kudin mota, wai ruwan ya ja baya sai tabo, wai ma shi yasa kuran, wutar lantarki kenan, ke yawan tafiya har famfo ya kafe. Da gaske ruwan can ne ke hana mu wuta a nan?

Dan Gidar:
Wa alaikissalam Hajiya. Makwabciyarki tana da rabin gaskiya. Injina 4 ne a Lagdo, duka megawat 72, 'yan Sin suka gina daga 1977 zuwa 1982, kuma shi ake ja har Marwa da Ngaundere, ki duba yadda garuruwan nan suka cika tun lokacin. In ruwa yayi kasa a Maris da Afrilu ba'a iya kunna injinan duka, daidai lokacin da kowa ya kunna fanka da firij, ga layinmu na arewa ba'a hada shi da na kudu ba tukuna balle wutar baraj din Nachtigal da ke kudu ta iso mana. Sola da aka sa a Marwa da nan Gidar tana taimakawa da rana, da magariba an koma kan Lagdo da injinan mai. Famfo kuwa da kuran ake turo ruwa, in ya tafi shima ya tafi.

Bakin Ruwa:
Tabo a ina? Yaya, tafkin nan ko ya ragu baki ganin karshensa. Ku fito da asuba kafin rana ta bude, ku dau kwale-kwale zuwa tsibirin rema, ku sayi giwan ruwa wajen masunta a gasa muku. Amma don Allah kar yara su shiga wanka, akwai dorina kuma ruwan kwance na sa tsargiya.

Na Jimeta:
Ku kuna kukan ya ragu, mu nan Yola in munji za'a bude baraj din tattara kaya muke, ambaliyar 2012 da ta 2022 basu fita ranmu ba.

Maman Biyu:
Allah ya kiyaye gaba dan uwa. Dorina kuma?? To kwale-kwalen nan dai baban yara ya shiga shi kadai, mu ma jira shi wajen kifi.