Shimon Peres bai taɓa cin zaɓe ba, to ta ina ya hau mulki?

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum. Gardama ce ta kaure a fadarmu jiya bayan isha'i, har shayi na uku ya huce ba a rabu ba. Wani ya ce Shimon Peres na Isra'ila bai taɓa cin zaɓe ba, wani ya ce ta yaya wanda bai ci zaɓe ba zai yi faraminista sau biyu, ya ƙare a shugaban ƙasa? Masu sani, a warware muna.

Malam na Zariya:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kowannensu ya kama gefe ɗaya na gaskiya. Can jam'iyya ake jefa wa ƙuri'a, ƙasar duka mazaɓa guda ce, sai a raba kujeru 120 na majalisarsu, Knesset, gwargwadon abin da kowace ta samu. Mai mulki shi ne wanda ya tara 61, kuma ba a taɓa yin jam'iyyar da ta kawo su ita kaɗai ranar zaɓe ba. Ke nan ciniki na gaske sai bayan an ƙidaya ƙuri'u. Mu ma a Nijar mun ga ɗan kamanninsa a 1993: Tandja ya zo na ɗaya a zagayen farko, ƙawancen AFC ya ɗora Mahamane Ousmane.

Peres ya ja jam'iyyar Leba zuwa zaɓe a 1977, Menachem Begin na jam'iyyar Likud ya kada shi. A 1981 ya samu 47, Likud 48. A 1984 ya zo gaba, 44 da 41, amma ko shi ko Yitzhak Shamir na Likud ba wanda ya iya haɗa 61. Sai suka yi karɓa-karɓa, wata 25 kowa: Peres daga Satumba 1984 zuwa Oktoba 1986, sannan ya miƙa. A nan ya yi aikin da har abokan gabarsa ke yaba wa. Ya tarar da tsadar kaya ta haura kashi 400 cikin 100 a shekara; a Yuli 1985 aka daskare farashi da albashi, aka rage kashe kuɗin gwamnati, daga baya aka kawo sabon kuɗin shekel da ke daidai da tsofaffi 1,000. Hawansa na biyu gado ne: an harbe faraminista Yitzhak Rabin ranar 4 ga Nuwamba 1995, shi ya ɗauki kujerar.

Hajiya ta Sabon Gari:
Malam, a ƙara da inda lissafin ya ci shi. A Maris 1990 yana ministan kuɗi cikin gwamnatin Shamir, ya haɗa baki da jam'iyyun masu tsananin addini aka kada gwamnatin da ƙuri'ar yanke ƙauna, 60 da 55. Aka ba shi damar kafa tasa, yana ganin 61 na hannu. Ranar da zai gabatar da ita, ƴan majalisa biyu na Agudat Isra'ila suka ƙi zuwa. Shamir ya dawo a Yuni. Rabin, ɗan jam'iyyarsa, shi ya laƙaba wa abin suna dabara mai wari, kuma a 1992 ya ƙwace shugabancin Leba daga hannunsa.

Na 1996 ya fi ciwo, don a ranar 29 ga Mayu aka fara zaɓen faraminista kai tsaye. Hare-haren bam a motocin bas cikin Fabrairu da Maris sun kore mishi masu tsoro, sai a Afrilu sojojinsa suka yi luguden wuta a sansanin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Ƙana, kudancin Labanon, fararen hula sama da 100 suka mutu. Larabawan Isra'ila da dama suka jefa farar takarda. Netanyahu na Likud ya wuce shi da ƙuri'a kusan 30,000, ƙasa da kashi 1.

Baban Nana:
Shi ya sa ni sunan mai son zaman lafiya da ake ba shi ban cika saye ba. Gaskiya ne shi ya sa hannu a yarjejeniyar sulhu ta Oslo tare da Mahmud Abbas na Falasɗinawa a 1993, ya raba kyautar Nobel da Rabin da Arafat a 1994. Amma shi ɗin ne yana babban darakta a ma'aikatar tsaro tun 1953, ya ƙulla cinikin makamai da Faransa, ya samo musu tashar nukiliya ta Dimona. Kuma yana ministan tsaro aka kafa matsugunin Ofra a Yammacin Kogin Jodan a 1975.

Ɗan Bagalam:
Na gode, manyana. To shugabancin ƙasar fa, nan ma ba talakawa suka zaɓe shi ba?

Malam na Zariya:
A'a. Ƴan majalisar nan 120 ke zaɓen shugaban ƙasa a asirce, wa'adi guda na shekara 7. Asirin nan ya taɓa cinye shi: a 2000 kowa ya ɗauka ya gama ci, aka buɗe akwati Moshe Katsav na da 63, shi 57. Sai 13 ga Yuni 2007, bayan ya koma Kadima ta Ariel Sharon, ya samu 58 a zagayen farko, Reuven Rivlin da Colette Avital suka janye, ya ci na biyu da 86, yana dab da shekara 84.

Kar ku auna kujerar da ta nan gida. Ba shi da soja, ba shi da kasafi. Yana sa hannu a dokoki, ya karɓi takardun jakadu, ya yi afuwa. Ƙarfinsa na bayan zaɓe: ya kira jam'iyyu ɗaya bayan ɗaya, kowace ta faɗi wanda take so, ya ba mutum ɗaya kwana 28 ya kafa gwamnati, da ƙarin 14 in ta kama. A 2009 Kadima, jam'iyyarsa, ta samu 28, Likud 27, amma 65 suka nuna Netanyahu. Peres da hannunsa ya miƙa takardar ga wanda ya kada shi a 1996.