Wane suna za mu ba akiyoloji da Hausa?

Malamai 'yan uwa na Katsina, ga aiki a gabanmu. Ana koya wa yaranmu akiyoloji, amma har yau ba mu tsayar masa da suna ɗaya ba. A rediyo sai a ce "binciken kayayyakin tarihi na ƙarƙashin ƙasa", kafin a kai ƙarshe numfashi ya ƙare.

Kuma fannin nan namu ne. A Durɓi ta Kusheyi, can ƙasar Mani, Bature Palmer ya haƙa tuddan kaburburan sarakuna a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A 1992 aka sake haƙa wasu tare da masana daga Jamus, aka samu tasar tagulla, awarwaron hauren giwa, wuri, duwatsun wuya da 'yan kunnen zinariya. Abin da ke ƙarƙashin gonakinmu bai kamata ya rasa suna a bakinmu ba.

Wani yayana a aiki ya kawo "ilimin tono". Yaya, da girmamawa, ban yarda ba. Ɓarawon da ke zuwa da dare ya fasa tudu don ya sayar wa dillali shi ma tono yake yi. Masanin gaske kuwa haƙar ce ƙaramin aikinsa. Yakan wuni a durƙushe da ɗan buroshi yana share tsingaro ɗaya, ya auna zurfin da ya same shi, ya zana, ya rubuta ko a kan toka yake ko a ƙarƙashinta, don abin da ke ƙasa ya riga na sama zuwa. Guntun gawayin da ya tsinta a gefe shi za a kai ɗakin gwaji a gano shekarun wurin. In aka ce "tono", duk wannan ya ɓace.

Ni "ilimin kufai" nake so. Kowane Bakatsine ya san kufai: inda gari ya tashi, sai kukoki da tsoffin karofi da fasassun tukwane da garma ke fito da su kowace damina. Mai aikin kuma "masanin kufai". Gajere ne, tsohuwa a ƙauye za ta gane ba sai an yi mata bayani ba.

Wata malama ta ce kabari ai ba kufai ba ne, kuma gumakan Nok, tsoffin gumakan yumɓun nan na kudancin Kaduna, a ramin haƙar kuza aka fara samunsu a 1928. Malama, maganarki na kan hanya. Amma ina mutanen da suka gina tuddan Durɓi suka zauna? Ina waɗanda suka gasa gumakan Nok suka hura wuta? Garuruwansu ne suka zama kufai, maƙabarta da maƙera duk ciki suke.

Saboda haka daga wannan zangon karatu "ilimin kufai" zan rubuta a allo. Malaman Daura, ku gwada shi a kan tarihin Tsohon Birni ku faɗa mana yadda ya zauna a kunnen ɗalibanku.