Neman shawara: an ba baffanmu gonar gado, ta ina zan ɗaukaka ƙara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ni manomi ne a karkarar Dambatta. Mahaifinmu ya rasu ya bar gona a bakin fadama, sai baffanmu ya ce an ba shi ita kyauta, alhali mu muke nomanta har daminar da mahaifinmu ya rasu. Yau kwana 12 da kotun shari'ar Musulunci ta ba shi gaskiya, kuma alƙali bai tambaye ni ko ina da sauran magana ba. Geronmu ya fara fitar da kai, ƙannena shida kuma da gonar suka dogara. Ina zan nufa?

Tsohon magatakardan kotu: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinku. Kwana 30 ake bayarwa, saboda haka gobe ka je wurin magatakarda ka shigar da takardar ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Shari'ar Musulunci, ka biya kuɗin kwafin shari'a, ka adana rasit. Kotun sama ba ta cika sake tara shaidu ba, abin da aka rubuta ta fi dubawa, don haka a karanta maka kwafin layi bayan layi. Tambayar da ka ce ba a yi maka ba ita ce i'izari, kuma rashinsa dalili ne mai ƙarfi da ake rushe hukunci da shi. Ka ƙara da batun hauzi, domin a mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka bai wa ya karɓi abin kafin mai kyautar ya rasu.

Wata lauya: Malam, maganar Baba daidai ce. Idan ba ka gamsu a can ba, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumin gado, kyauta, wasiyya da wakafi. Daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, reshen Kano, sannan Kotun Ƙoli a Abuja. Abin da ya fi damuna shi ne geron, domin ɗaukaka ƙara ba ya tsayar da zartar da hukunci. Ka nemi umarnin dakatarwa a rubuce tun ranar farko, kafin lokacin girbi ya zo.

Mai tambaya: Na gode, Baba, na gode, Hajiya. Da sassafe zan kama hanya, in sha Allahu.