Amosani da ƙaiƙayin kai sun ƙi tafiya duk da man da nake shafawa

Maman Sadiya, Zariya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da masu sana'ar kitso da ke cikin wannan zaure. Tun shigowar hunturu fatar kaina take ƙaiƙayi, kuma duk lokacin da na tsefe kitso sai in tarar amosani ya taru a kan tsaga, wani fari, wani kuma mai ruwan ɗorawa da maiƙo, ya manne da fata. Kowa na tambaya sai ya ce bushewa ce, don haka nake shafa man zaitun da man kwakwa, wani lokaci har da basilin, amma abin ƙaruwa yake yi. Ban da wannan, gashin gaban goshina ya fara ja da baya. Ɗiyata mai shekara 7 kuma wani wuri ya fito mata a tsakiyar kai, zagayayye, gashin wurin ya kakkarye. Wane shamfu ko wane mai ya kamata in saya, kuma zai yi mana amfani mu biyun?

Malam Habibu, mai harhaɗa magunguna, Kano:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara lafiya. Abin da kika bayyana matsaloli uku ne daban-daban, kuma mai ɗaya ba zai magance su ba.

Zan fara da yarinyar domin nata ya fi gaggawa. Zagayayyen wuri mai ɓarɓashi wanda gashinsa ya kakkarye a kan yaro mai waɗannan shekaru ya fi kama da makero. Ƙwayar cutar tana shiga har cikin silin gashi, shi ya sa man shafawa kaɗai ba ya kashe ta, sai an haɗa da maganin sha irin su griseofulvin, wanda ake sha na kimanin mako 6 zuwa 8, ana auna yawansa bisa nauyin yaro. Ki kai ta asibiti a duba ta a rubuta mata, kada ki saya da ka a kemis. Kafin nan a ware mata matajinta da ɗankwalinta da rigar matashinta, a kuma duba kan sauran yaran gidan, domin makero yana yaɗuwa ta waɗannan kayan da ta askar wanzami ko injin aski da ba a tsabtace ba.

Naki kuwa, amosanin da ke da maiƙo yana manne da fata ba alamar bushewa ba ne. Akwai wata ƙwayar halitta dangin yis mai suna Malassezia da ke zaune a fatar kan kusan kowane baligi, kuma abincinta shi ne maiƙon da fata ke fitarwa. Idan ta yi yawa, ko fatar mutum ba ta jure mata, sai fatar ta yi ja, ta riƙa ƙaiƙayi tana saɓa da sauri. Man zaitun yana cikin mayukan da wannan ƙwaya ke ci, saboda haka wadda ta tula shi a kan tsaga tana ƙara mata abinci ne. Basilin ba ta cinsa, amma yana riƙe ƙura da gumi ya danne ɓarɓashin, har mutum ya zaci ya warke alhali yana nan a ƙasa. Busasshiyar fata ta gaskiya ɓarɓashinta ƙanana ne, farare, suna kakkaɓewa da kansu, kuma galibi za ki ga sauran jiki ma ya bushe.

Abin da za ki nema shi ne shamfu mai ɗauke da ketoconazole kashi 2 cikin 100, ko mai selenium sulfide. Ki karanta jerin sinadaran da ke bayan kwalba, kada ki tsaya ga hoton mace mai dogon gashi da ke gabanta, ki kuma duba lambar rajistar NAFDAC da ranar da zai lalace. Yadda ake amfani da shi ya fi sunan kamfanin muhimmanci. A fatar kai ake shafa shi, a murza da tafin yatsu ba da farce ba, a bar shi minti 3 zuwa 5 kafin a ɗauraye. Ƙa'idarsa sau biyu a mako na tsawon mako 2 zuwa 4, daga nan a koma sau ɗaya a mako ko a mako biyu, domin amosani irin wannan lafawa yake yi, yana iya dawowa idan aka daina gaba ɗaya. Ina kuma roƙon ki guji haɗe-haɗen mai marasa suna da ake sayarwa a ƙananan robobi, domin wasunsu ana zuba musu magunguna masu ƙarfi irin na man bilicin, waɗanda ke kwantar da ƙaiƙayi nan take amma su sirantar da fata idan aka daɗe ana shafawa. Idan bayan wata guda babu sauƙi, ko kika ga ɓawo mai kauri ya gangaro bayan kunne da ƙeya, ki ga likitan fata.

Anti Ladidi mai kitso, Katsina:

Maman Sadiya, sannu da ƙoƙari. Ni zan yi magana a kan gaban goshin, domin a nan ne mu masu kitso muke da hannu. Mata da yawa suna zuwa su ce a ja musu sosai don kitson ya daɗe, wasu ma ba sa yarda an yi kitso mai kyau sai sun kasa ɗaga gira. Idan kika tashi daga gaban mai kitso kika ga fatar tsaga ta miƙe tana sheƙi, ko washegari ƙananan ƙuraje farare suka fito a bakin goshi, ko kika kasa ɗora kai a matashi, to an ja fiye da kima, kuma gara a warware layin gaba a ranar da a jira. Ƙananan gashin nan na gefen goshi da saman kunne ba su da ƙarfin ɗaukar ulu ko ƙarin gashi. Ki ce wa mai kitsonki ta bar su, kada ta bi su da kibiya tana tsinto su ɗaya bayan ɗaya. Shuku yana jan gaba da ƙeya zuwa sama, don haka idan kin yi shi wannan karon, karo na gaba ki yi kalaba manya masu sassauci, a kuma canja wurin tsaga. Idan aka sassauta da wuri gashin yakan dawo, amma wurin da ya daɗe har ya yi sumul, na sha ganin bai sake tsirowa ba.

Sai maganar jiƙa. Da yawanmu muna wanka, ruwa ya ratsa kitso, mu ɗaura ɗankwali mu zura hijabi kai bai bushe ba, ya wuni a haka cikin ɗumi. Warin da ke tashi idan an zo tsifa daga nan yake. Ki ba kan lokaci ya sha iska a cikin gida kafin ki rufe shi, hular ciki kuma a riƙa wanke ta kamar yadda ake wanke sauran kayan ciki.

Ya Falmata, Maiduguri:

Ina goyon bayan Malam a kan magani, amma kada a fahimci cewa kayanmu na gargajiya ba su da wuri. Shamfun amosani yana busar da gashi ƙwarai, musamman irin namu mai murɗe-murɗe, kuma a hunturu idan ba a bi shi da wani abu ba sai gashin ya riƙa karyewa a mataji. Mu a nan muna jiƙa karkashi a ruwan ɗumi har ya yi yauƙi, a tace, a zuba a gashi bayan an ɗauraye shamfu, kuma yauƙin yana sa mataji ya wuce ba tare da fizga ba. Bayan haka a ɗan murza man kaɗanya a tafin hannu har ya narke, a shafa daga tsakiyar gashi zuwa bakinsa tun yana da danshi. Chebe, garin gyaran gashi da ake kawowa daga Chadi, shi ma haka matan can suke yi da shi: a jikin gashi suke shafa shi su kitse, ba sa cusa shi a fatar kai. Amfaninsa hana karyewa ne, ba ya sa gashi ya tsiro da sauri, domin gashin mutum kimanin santimita 1 yake ƙaruwa a wata ko me aka shafa. Sabulun salo kuma yana wanke datti sosai, amma yana da kaifi, kuma a kan fatar da ta riga ta yi ja ina ganin a dakata da shi tukuna.

Maman Sadiya, Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe in sha Allahu zan kai yarinyar asibiti. Saura tambaya ɗaya, Malam. Ina sa rilaksa, wato man miƙar da gashi, kuma sabon gashi ya fito, ga bikin ƙanwata ya matso. Zan iya sawa ina cikin amfani da shamfun?

Malam Habibu, mai harhaɗa magunguna, Kano:

Hajiya, ki dakata har sai ƙaiƙayin ya kwanta. Rilaksa sinadari ne mai ƙuna, ko mai sodium hydroxide ne ko wanda aka rubuta cewa babu shi a ciki, kuma fatar da aka sosa tana da ƙananan raunuka da ido ba ya gani, waɗanda zai shiga ya ƙona su su zama gyambo. Ko da kai yana lafiya, ana so a bar aƙalla mako 8 tsakanin sawa da sawa, a kan sabon tsiro kaɗai, kuma a wanke da zarar an ji zafi. Ya kamata kuma ki san cewa a 2022 wani bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka, wanda ya bi mata fiye da 33,000, ya gano cewa masu amfani da mayukan miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara sun fi waɗanda ba sa amfani da su kamuwa da sankarar mahaifa fiye da ninki biyu. Binciken ya nuna alaƙa ne, bai tabbatar cewa man ne sanadi ba, amma ya isa dalilin rage yawan sawa. Don bikin, ki wanke kan da shamfun kwana biyu kafin ranar, ki bi shi da karkashin da Ya Falmata ta faɗa, sannan a yi miki kitso mai sassauci irin wanda Anti Ladidi ta kwatanta. Idan kin je asibiti da Sadiya, ki nuna wa likitan gaban goshinki shi ma ya duba.